Ina Tirela Za Ta Tsaya? Matsalar Fili da Tsarin Gari Wajen Kafa Tashoshin Kaya a Kano





 An nemi in yi magana a kan wahalar da ake sha wajen samar wa tashoshin kaya matsuguni a cikin birane, wato wuraren da manyan motoci da jiragen ƙasa ke sauke kaya, a ajiye su, a rarraba, a sake lodawa. Zan ɗauki Kano a matsayin misali, domin ita na fi sani, kuma duk abin da ya sami Kano a harkar kasuwanci sai ya taɓa Katsina da Maraɗi da Damagaram.

Abin da nake son mu tafi da shi guda ɗaya ne. Tirelar da ta taso daga Legas da kwantena dole ta tsaya a wani wuri. Idan taswirar gari ba ta ba ta fili ba, za ta ɗauki titi. Saboda haka cunkoson da muke zagin direbobi a kansa, asalinsa matsalar fili ce, kuma a ofishin filaye ake warware ta tun kafin ta kai hannun ɗan KAROTA mai kula da zirga-zirga a titi.

Na farko: yadda muka tsinci kanmu a nan

Kakanninmu ba su jahilci wannan lamari ba. Ayarin raƙuma da jakuna ba ya kutsawa cikin lungunan birni da kayansa. A wajen ganuwa yake yada zango, kuma Fagge ta daɗe tana wannan aiki, inda akwai sarari da ruwa da wurin ɗaure dabbobi. Daga nan fatoma ya karɓi baƙonsa, ya ajiye masa kaya, dillalai su shiga da su Kasuwar Kurmi kaɗan-kaɗan. Babban kaya yana tsayawa a bakin gari, ƙarami ne ke shiga ciki. Fataken goro sun tafi da wannan tsari har Salaga da Kumasi.

Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai cibiyar kaya ta koma kusa da tashar jirgi. Kamfanonin Turawa suka gina kantuna da sito-sito a wannan yanki, Kwarori suka kafa nasu shaguna a wurin da ya zama Kantin Kwari, aka riƙa tara gyaɗa dala-dala tana jiran taragai. A wancan zamani wurin ya dace ƙwarai: yana wajen ganuwa, ga fili, ga layin dogo a ƙofar sito.

To, me ya faru? Abu biyu. Jirgin ƙasa ya durƙushe, kaya suka koma kan titi. Sannan gari ya girma ya haɗiye wannan yanki, har abin da yake bakin gari jiya ya zama tsakiyarsa yau. Amma sito bai tashi ba, ciniki bai tashi ba. Kwari da Singa da Sabon Gari suna nan inda jirgi ya ajiye su, sai dai yanzu tirela ce ke yi musu hidimar da aka tsara taragon jirgi zai yi. An yi wa Kano babban tsarin shekara ashirin, wanda aka fi sani da tsarin Trevallion, daga 1963 zuwa 1983. Ku lissafa da kanku shekarun da suka shuɗe tun ƙarewar wa'adinsa, ku kuma dubi inda garin ya kai yau ta hanyar Zariya da ta Katsina da ta Haɗeja.

Na biyu: tirela ba ƙaramar baƙuwa ba ce

Nan zan ɗan daɗe, domin na lura masu zana taswira da yawa ba su taɓa tsayawa sun auna motar da suke magana a kanta ba.

Kwantena mai ƙafa 40 tsawonta ya ɗan haura mita 12. Idan ka haɗa da kan motar, kana maganar mita 16 zuwa 17. Kafin irin wannan mota ta juya ta fuskanci inda ta fito, tana bukatar fili mai faɗin kusan mita 25. Ku kwatanta da fulotin da muke yanka mai ƙafa 50 sau 100, wato kusan mita 15 sau 30. Idan ka jera tirela 100 a gefen hanya, ɗaya bayan ɗaya, da ɗan tazara a tsakani, sun cinye kusan kilomita biyu. Wannan lissafi ne da ɗan firamare zai yi.

Ku zo mu tsaya a wajejen Singa da safe. Mota ta shigo cikin dare, direba ya raɓa ta a gefen titi domin babu wani wurin. Yaron mota ya sa mata dutse a ƙarƙashin taya, ya karyo ganye ya zuba a kan kwalta don masu zuwa ta baya. Gari na wayewa 'yan dako suka taru, kowa da gammonsa, malamin sito yana tsaye da biro da takarda yana ƙirga katan. 'Yan kurkura da masu baro sun yi layi a bayan motar suna jiran nasu lodin. Hannu ɗaya na titin ya tafi ke nan. Kafin azahar wata motar ta iso, ba ta sami wuri ba, ta tsaya a kusa da ta farko. Adaidaita sahu sun cushe, mai kai mara lafiya asibiti yana ta danna ham. A cikin duk waɗannan mutane, wa ya yi laifi? Direba? An ba shi wuri ya ƙi shiga? Ɗan dako? Abincinsa yake nema. Mai sito? An amince masa ya gina bene mai hawa uku, shaguna a ƙasa, sito a sama, ba wanda ya tambaye shi inda mota za ta tsaya ta sauke masa kaya.

Ga inda gizo ke saƙar. Muna ba da izinin gini muna duba tsawon bene da ƙarfin ginshiƙi, amma ba ma tambayar mota nawa wannan gini zai jawo a rana, kuma ina za su tsaya. Kowane sito da aka gina har bakin kwalta, ya ɗauki titin jama'a ya mayar farfajiyarsa ba tare da ya biya ko kwabo ba. Kuma ranar da gobara ta tashi, Allah Ya kiyaye, motar kashe gobara ta wannan titin za ta bi.

Tashar kaya ta gaskiya kuwa ba filin ajiye mota kaɗai ba ce. Tana bukatar wurin jira, da wurin saukewa, da sito, da sikeli, da garejin gyara, da masallaci da banɗaki da wurin cin abinci da na kwana. Direban da ya kwana uku a hanya mutum ne. Idan ba a tanadar masa waɗannan a ciki ba, za su tsiro da kansu a bakin hanya. Duk wanda ya bi ta Tafa ko Mararrabar Jos ya ga yadda hakan ke kasancewa.

Na uku: filin da ya dace kowa na sonsa

Wane irin fili tashar kaya ke so? Shimfiɗaɗɗe, mai faɗi, a dunƙule ba a warwatse ba, wanda ruwa ba ya kwanciya a cikinsa, kusa da babbar hanya, in so samu ne kusa da layin dogo. To ai irin filin da mai gina rukunin gidaje ke nema ke nan, da mai gidan mai, da mai filaza. Kuma dukkansu sun fi tashar kaya iya biya, domin hekta ɗaya da aka yanka fuloti-fuloti ta fi kawo kuɗi nan take a kan hektar da motoci za su kwana a kai. In aka bar wa kasuwa zaɓi, tashar kaya ba za ta taɓa cin wannan gasa ba.

Mun san yadda abin ke faruwa a ƙauyukan gefen gari. Yau aka ji ƙishin-ƙishin cewa gwamnati za ta kawo wani aiki, gobe dillalan filaye sun sauka da igiyarsu. Manomi ya san idan gwamnati ce ta karɓa, abin da zai samu bai taka kara ya karya ba, don haka gara ya sayar da wuri. Cikin damina biyu gonar gero ta zama awon igiya, da lunguna waɗanda ko motar yashi da ƙyar take shiga. Ranar da injiniya ya zo faɗaɗa hanyar shiga tashar, sai ya tarar da gidaje ɗari a kan layin.

Kada mu yi saurin ganin laifin manomin. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon soke mallaka saboda bukatar jama'a. Amma diyyar da ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, gini ko amfanin gona ko itatuwa, ba ta ƙasar kanta ba. Mutumin da ya gaji gona kaka da kakanni, a ƙirga masa bishiyoyin ɗorawa da mangwaro a ce ga haƙƙinsa, sannan bayan shekara biyar ya ga an yanka wani sashen gonar an raba wa masu hannu da shuni, ta yaya zai sake yarda da kalmar "bukatar jama'a"? Ni a ganina wannan rashin yarda ya fi rashin kuɗi illa ga ayyukanmu. Duk tashar da za a kafa, a ba masu gonaki kaso a cikinta, ko fulotan kasuwanci a gefenta, ko rumfuna, a rubuce, da sa hannun dagaci da hakimi. Wanda yake da rabo a wuri shi ne mai gadinsa na farko.

Akwai kuma wata ɓaraka da ba a cika faɗa ba. Sau da yawa ana keɓe fili a taswira, a rubuta cewa na tashar mota ne ko na masana'antu, amma sai a riƙa gutsurarsa. Wannan gwamnati ta yanki gefe, mai zuwa ta canza manufar wani gefen. Ba a rana ɗaya ake kashe irin wannan fili ba, a hankali ake cinye shi, kuma kowace gutsura da takardarta mai hatimi.

Na huɗu: masu iko sun yi yawa

Wannan ba zan ja shi ba, domin kowa a nan ya sani. Babbar hanya ta tarayya ce. Layin dogo na tarayya ne. Tashar tsandauri tana ƙarƙashin kulawar Majalisar Masu Safarar Kaya ta Nijeriya, ga kuma kwastan. Fili na gwamna ne. Izinin gini na KNUPDA ne, wato hukumar tsara birane ta jiha. Tashoshin mota da kasuwanni kuwa tsarin mulki ya ambace su cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Birnin ya bazu a ƙananan hukumomi takwas, ya ma tsallaka, domin Kasuwar Dawanau a Dawakin Tofa take. Muna da dokar tsara birane ta 1992, muna da dokar auna tasirin ayyuka ga muhalli ta wannan shekarar. Doka ba ta yi mana ƙaranci ba. Teburin da waɗannan hukumomi za su zauna tare kafin a sa hannu, shi ne babu.

Ku dubi tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki a Kumbotso. Tana cikin guda shida da Gwamnatin Tarayya ta amince da su a 2006, tare da na Ibadan da Isiala Ngwa da Jos da Funtuwa da Maiduguri. Ba a ƙaddamar da ita ba sai a watan Janairun 2023. Shekara goma sha bakwai! Yaron da aka haifa lokacin amincewar ya kusa gama sakandare. A cikin waɗannan shekaru garin bai zauna yana jira ba.

Na biyar: "a fitar da su bayan gari" ba ita ce dukkan amsa ba

Na san abin da ke ran mutane da yawa: a kwashe su duka a kai su can nesa, mu huta. Ina roƙon ku saurare ni a nan, domin wasu sun riga mu gwadawa.

Birnin Faris ya tashi babbar kasuwar sarin abincinsa daga tsakiyar gari zuwa Rungis a 1969, kuma wannan ya yi amfani. Amma daga baya kamfanonin jigilar ƙananan kaya su ma suka riƙa ja da baya saboda tsadar fili. Binciken su Laetitia Dablanc ya nuna cewa tazarar tashoshinsu daga cibiyarsu ta tashi daga kusan kilomita 6 a 1974 zuwa kusan 16 a 2008. Masu sayen kayan kuwa suna nan cikin gari. Sakamakon shi ne motoci suka ƙara yawan tafiya, hayaƙi ya ƙaru. Sai ga hukumar birnin ta dawo tana keɓe wa harkar kaya filaye a cikin gari a taswirarta, har aka buɗe wata tasha mai suna Chapelle International a 2018, a gefen layin dogo, a cikin birnin.

Legas kuma ta nuna mana ɗaya ɓangaren. Apapa ta tara tashar jiragen ruwa da rumbunan mai da gidajen jama'a a wuri guda, ba tare da isasshen wurin jiran motoci ba. Tireloli suka mayar da gadoji masauki, direbobi suna kwana da kwanaki a layi. Da aka fito da tsarin kiran mota ta waya mai suna Eto a 2021, sai da aka haɗa shi da filayen jira irin na Lilypond, domin manhaja ba ta iya ajiye mota. Za ta gaya wa direba lokacinsa bai yi ba, amma sai an nuna masa inda zai jira.

Haka dokar hana manyan motoci shiga gari da rana take. Doka ce mai ma'ana, amma in babu filin jira a kowace mashiga, cunkoson kawai aka ɗauke daga tsakiyar gari aka kai bakinsa.

Mu ma muna da darasi a gida. Mayar da masu sarin magunguna daga Sabon Gari zuwa Dangwauro ya ɗauki shekaru ana ja-in-ja, har da zuwa kotu. Ɗan kasuwa ba ya barin inda mai saye ya san shi don kawai an gina masa wuri mai kyau. Yana tambaya: nawa ne kuɗin rumfa? Akwai motar da za ta kawo abokan cinikina? Maƙwabtana za su taho tare da ni, ko ni kaɗai zan tafi su kwashe min ciniki? Duk tsarin da bai amsa waɗannan ba, gini zai yi, ba kasuwa ba.

Na shida: abin da nake ganin ya kamata

Mu koma ga hikimar zango da Kurmi, amma da ma'aunin yau. Manyan tashoshi a bakin gari, inda hanyoyin kewaye na gabas da na yamma suka haɗu da hanyoyin Zariya da Katsina da Maiduguri da Haɗeja. Nan tirela za ta tsaya. Sannan ƙananan wuraren rarraba kaya a cikin gari, kusa da Kwari da Singa da Sabon Gari, inda ƙananan motoci da 'yan kurkura za su ɗauka su ajiye ba a kan kwalta ba. Filayen hukumar jiragen ƙasa da ke tsakiyar gari, da tsofaffin masana'antun da suka daina aiki a Bompai da Sharaɗa, a yi tunani sau biyu kafin a bari su zama shaguna da gidaje. Fili mai faɗi irin wannan a cikin gari, in ya tafi ba ya dawowa.

Kowace babbar tasha a bar mata tazara tsakaninta da gidaje, a dasa itatuwa, a hana yanka fuloti a ciki. Wannan kariya ce ga ɓangarori biyu. Mazauna unguwa suna da haƙƙin barci ba tare da ƙarar inji ba, 'ya'yansu su je makaranta ba tare da ratsawa tsakanin tayoyi ba. Tankokin mai kuma nasu ya fi tsanani, kuma duk mai bin wajejen defon Hotoro ya san yadda gidaje da tankoki suka zama maƙwabtan juna. Ita ma tashar, in gidaje suka manne mata, ba za ta iya faɗaɗa ba, kuma wata rana ita za a ce ta tashi.

Sannan duk wanda zai gina sito ko filazar sari, kada a ba shi izini sai ya nuna a zanensa inda mota za ta shiga, ta sauke, ta juya, a cikin filinsa. Wannan ba ya bukatar sabon kasafi, sharaɗi ne a kan takarda da jami'in da zai tsaya a kansa.

Abin da ya sa nake ganin maganar ta gaggawa ce shi ne layin dogo yana dawowa. A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, aka kuma ƙaddamar da na Kaduna zuwa Kano a shekarar. Duk inda aka sa tashar kaya a kan waɗannan layuka, nan sito da kasuwa za su bi, kamar yadda suka bi tashar 1911. Habasha ta kafa tashar tsandaurinta a Mojo, ta haɗa ta da layin dogon Jibuti, ta zama babbar ƙofar shigar kayanta. Mu kuma tambayar da ke gabanmu ita ce: filayen da ke kewaye da sababbin tashoshinmu, an keɓe su? An buga a gazet? An kafa duwatsun iyaka? An zauna da masu gonakin? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma dillalai ba sa jiran a gama taro.

Ga ɗalibanmu kuma ina da roƙo. Kafin ku zana komai, ku je ku ƙirga. Ku tsaya a Na'ibawa, ku tsaya a Dawanau, ku rubuta mota nawa ke shiga, da wane lokaci, ɗauke da me, ina za ta, awa nawa take yi kafin a sauke ta. Ku zauna da direbobi da 'yan kamasho da shugabannin 'yan dako. Sun san inda mota ke maƙalewa fiye da kowace taswira da ke ofis.

Mai girma shugaba, na ga lokacin da aka ɗibar min ya ƙare.   Yanzu fili naku ne don tambayoyi da gyara, kuma in shugaba ya amince, ina so a fara ba direbobi da 'yan kasuwa dama, domin su ne ke kwana a cikin abin da muka tattauna.